Garin Amboise a Faransa: ya cancanci in taka da wannan gwiwa tawa?

Hajiyar Aboabo ta rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san cikin ƙasar Faransa, ba Paris kaɗai ba.

Yarinyar wajena tana aure a wani gari da ake kira Tours, kuma Allah ya sauke ta lafiya, an samu namiji. Biza ta fito bayan na yi sawu biyu daga Kumasi zuwa Accra, in Allah ya yarda farkon watan Yuni zan tashi, in yi musu sati shida. To tun yanzu surukina ya fara tsara mini yawo. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin gari kusa da su, a rubuce Amboise, a baki kuma na ji yana cewa Ambuwaz, wai nan gidajen sarakunansu na da suke, sai ya kai ni na gani.

Ni fa 'yar kasuwa ce. Shekara 26 ina sayar da atamfa a Kejetia, ban saba fita don kallon gini ba. Fadar Manhyia ta sarkin Asante da ke nan kusa da mu sau ɗaya na taɓa shiga, shi ma rakiyar baƙi na yi. Kuma gwiwata ta hagu ba ta son bene, ko gadar sama ta kasuwa sai na tsaya sau biyu kafin in kai ƙarshe. Ga kunyar suruki, ban san yadda zan yini da shi muna zaga gari ba, balle a zo wajen cin abinci.

Shi ne nake tambaya: wurin nan akwai abin gani da gaske, ko kuwa tsofaffin duwatsu ne kawai irin waɗanda Turawa ke so? Hawa ya yi yawa? Me Musulmi zai ci a can, kuma ina zai yi salla? In ba wani abu ba ne gara in lallaɓa shi ya kai ni Paris in ga kasuwar yadi, ko ba komai na ƙaru.

Tsohon Ticha, Asawase, ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne.

Ki je. Kar ki tsaya wani dogon tunani. Na kwana uku a garin nan a watan Oktoba na shekarar da korona ba ta kai ga zuwa ba, lokacin da yaron wajena ke karatu a yankin, kuma zan faɗa miki abin da ya sa nake cewa ki je, wanda watakila surukinki ma bai sani ba.

Bari mu fara da hanya. Daga Tours zuwa Amboise kamar kilomita 25 ne, jirgin ƙasa yana yin ta a cikin minti 20, bai kai wahalar zuwa Ejisu daga Kejetia da yamma ba. Sai dai tashar jirgin tana wancan ƙetaren kogin, garin yana wannan ƙetaren, sai kin taka gada mai ɗan tsawo da ta ratsa ta kan wani tsibiri. Ni na yi minti 20 ina tafiya, amma ban ji haushi ba, don daga kan gadar ne ake ganin fadar gaba ɗaya, fara fat a kan dutse, garin ya kwanta a gindinta. Ke kam da gwiwarki, ku tafi da mota. Kogin sunansa Loire, shi ne mafi tsawo a Faransa, ya haura kilomita 1,000, amma kar ki sa rai da wani abu kamar Volta a Akosombo. Faɗi gare shi, ba zurfi, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiya. Garin kansa mutum 13,000 ne ko kusa da haka. Asawase kaɗai ta ninka shi ban san sau nawa ba.

Yanzu ga maganar. A cikin fadar nan Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya shekara huɗu. Malami ne ɗan malami, mahaifinsa shehin Ƙadiriyya ne. An yi masa mubaya'a a 1832 yana ɗan shekara 24, ya yi shekara 15 yana yaƙi da Faransawa. Da ƙarfi ya ƙare a ƙarshen 1847 ya ajiye makami bisa alƙawarin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Aka saɓa alƙawari. Aka kai shi Toulon, daga nan Pau, daga nan Amboise a watan Nuwamba na 1848, shi da mahaifiyarsa da iyalinsa da almajirai da barori, mutum wajen 80. Ki duba fa, mutanen rana ne, aka zuba su cikin ginin dutse a bakin kogi a farkon hunturu. Ni da na je a Oktoba da rigar sanyi biyu, da na taɓa bangon ɗakunan nan sai da na janye hannu. Kafin Louis-Napoléon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sake shi a watan Oktoba na 1852, mutum 25 daga cikinsu sun rasu, har da mata da ƙananan yara, kuma a nan cikin lambun fadar aka binne su.

Kaburburan suna can ƙarshen lambun, ta sama. Akwai tsohon ginin tunawa mai jinjirin wata a kansa, sannan a 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya gyara wurin, ya kafa duwatsu 25 da aka kawo daga Halab ta ƙasar Siriya, kowanne da rubutun Larabci, aka kuma shuka wani layin ganye mai ƙamshi da ya miƙe yana nuna alƙibla. Suna kiran wurin Jardin d'Orient. Ki rubuta sunan a takarda ki nuna, don in kin bi ayarin masu yawon buɗe ido ba can za su nufa ba. Ranar da na je, ƙofar ɗan cocin da ke cikin fadar cike take da mutane ana ta ɗaukar hoto, a wajen kaburburan kuwa ni kaɗai ne sai wani mai gyaran fulawa. Na zauna a kan benci na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya da abin da ya sawwaƙa. Yaron wajena ya tsaya daga nesa, don ya ga idona ya kawo ruwa.

Abin da ya zo mini a rai a wurin, Prempeh na ɗaya, sarkin Asante. Na yi shekara da shekaru ina koya wa yara labarinsa a aji: Turawan Ingila suka kama shi a 1896, suka tsare shi a Elmina, suka wuce da shi Saliyo, daga nan tsibiran Seychelles a 1900, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Yaa Asantewaa, jarumar Asante da ta yaƙi Turawa, ita ba ta ma dawo da rai ba, a can ta mutu a 1921. Ina faɗin shekarun nan a gaban allo kamar lissafi. Sai da na zauna gaban duwatsun nan na tuna cewa idan aka kori sarki ba shi kaɗai ke tafiya ba, akwai mai dafa masa abinci, akwai jaririn da ke bayan uwarsa, kuma su ne sanyi ke fara ɗauka. Ke da za ki je wankan jego, na san za ki fi ni jin wannan.

Shi Amir bayan an sake shi ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, sannan ya koma Dimashƙa a 1855. A can ne a 1860, da rikici ya tashi ana kashe Kiristoci, ya buɗe gidansa ya ɓoye su, ya sa mutanensa suka tsare su da makami. Ya rasu a 1883 aka binne shi kusa da kabarin babban sufin nan Ibn Arabi, daga baya a 1966 aka mayar da gawarsa Aljeriya. A cikin fadar akwai ɗakin da aka rataye hotonsa, za ki gan shi da farin alkyabba.

Maganar hawa. Fadar tana kan tudu, amma ba matakala ake bi a shiga ba, gangare ne shimfiɗaɗɗe, tun asali don dawaki aka yi. Ki tafi a hankali ki riƙa hutawa. In kin kai sama fili ne, ga kujeru, ga kogi a ƙasa. Cikin ɗakuna ne akwai bene, in gwiwa ta ƙi sai ki tsaya a na ƙasa, ba ki yi asarar kirki ba, gadaje ne da kujeru da manyan murhunan jin ɗumi. Abin da ya rage na ginin ma kamar kashi ɗaya cikin biyar ne, sauran an rushe a farkon ƙarni na 19. Akwai wata hasumiya da ake kira Tour des Minimes, cikinta hanya ce mai murɗawa, mahayi yana hawa da dokinsa tun daga gari har sama bai sauka ba. Wannan ta burge ni. Na ce da sarakunanmu na Arewa sun gani da sun yi irinta.

In ana ba ku labari za ki ji sunan Sarki Charles na takwas. A nan aka haife shi a 1470, shi ya ƙawata fadar da magina daga Italiya, kuma a nan ya mutu a 1498 yana ɗan shekara 27: zai je kallon wasan ƙwallo ya buga goshi a saman ƙofa, kafin gari ya waye ya cika. Mutumin da ya kai yaƙi har Napoli ya dawo lafiya, ƙofar gidansa ta kashe shi. Na yi ta neman ƙofar in gani, aka ce tana cikin ɓangaren da aka rushe. Wani abu kuma da na lura: gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 ya girmi yawancin abin da za ki gani a tsaye a nan. Na gaya wa yaron wajena haka, ya ce Baba kai komai sai ka jawo Ghana ciki.

Shi wancan cocin da na ce ana cincirindo, nan ne kabarin Leonardo da Vinci, Ba'italiyen nan mai zanen Mona Lisa, ko in ce ƙasusuwan da ake zaton nasa ne. Sarki François na ɗaya ya gayyato shi a 1516 yana tsoho, ya ba shi gida a nan garin, Clos Lucé, tafiyar minti goma daga fada, a can ya mutu ranar 2 ga Mayu, 1519. Gidan jan bulo ne, ba babba ba. A ƙasa da cikin lambu an ƙera abubuwan da ya zana a littattafansa, gada mai juyawa, keken yaƙi mai kama da kunkuru, injin ɗebo ruwa, fukafukan tashi sama. Yara suna sonsa ƙwarai. Ni na ji daɗinsa don ticha ne ni, amma ke in gajiya ta kama ki, ki bar shi. Hanyar zuwa ɗan hawa ce, sai dai a gefenta za ki ga abin mamaki, gidajen da aka fafe cikin dutse, da ƙofa da taga da labule, hayaƙi yana fita ta saman tudu, mutane suna zaune a ciki har yau. Dutsen yankin laushi gare shi, shi aka sassaƙa aka gina fadojin, ramukan da suka rage talakawa suka mayar gida.

Na biyu da zan ce lalle ki gani shi ne Chenonceau, kilomita 12 daga Amboise. Wannan kam naku ne mata. Gida ne da aka gina a kan kogin Cher, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Sarki Henri na biyu ya ba farkarsa Diane de Poitiers kyauta a 1547, ga matarsa ta aure Catherine de Médicis tana gani tana haɗiye wa. Diane ta yi lambu, ta sa aka gina gada ta ƙetare kogin. Shekara 12 uwargida tana shiru. Da sarki ya mutu a 1559, ko takaba ba ta gama ba ta karɓe gidan, ta tura Diane wani gidan da ake kira Chaumont, sannan ta hau kan gadar kishiyar ta gina dogon zaure mai bene, tsawon mita 60, ta yi nata lambun daura da na waccan. Har yau lambunan biyu suna nan suna kallon juna. Na tsaya tsakani na ce ashe abin nan ba a Zongo aka fara shi ba.

Zauren nan ya yi aiki daga baya. A yaƙin duniya na farko asibiti aka mayar da shi, aka yi jinyar sojoji sama da 2,000. A na biyu kuma kogin Cher shi ne iyaka: ƙofar shiga tana ɓangaren da Jamusawa suka mamaye, ƙofar ƙarshen zauren tana fita ɓangaren da ba su riƙe ba, ta nan aka riƙa tsallakar da mutane a ɓoye. Ki daure ki sauka madafa, tana cikin ginshiƙan gadar, matakalar ba ta da yawa. Tukwanen jan ƙarfe rataye, wurin gasa burodi, ƙugiyoyin nama, har da ƙofar da kwalekwale ke kawo cefane. Daga wurin ajiye mota zuwa ƙofa shimfiɗaɗɗiyar hanya ce cikin inuwar itatuwa, babu tudu.

In suruki ya ce Chambord, ki ce Allah ya kai mu wani zuwan. Shi ne mafi girma, ɗakuna sama da 400, amma ya fi kilomita 50 daga Amboise, yawancin ɗakunan wayam, kuma abin alfaharinsa bene ne. Na je na dawo da ciwon ƙafa.

Kuɗin shiga kowanne bai kai yuro 20 ba lokacin da na je. Kar ki mayar da shi sidi a ranki, in kin yi haka ko ruwa ba za ki sha ba.

Ɗan Nima ya amsa:

Mma, da girmamawa ga Baba Ticha, ni dai na ce Paris. Na je yankin nan da abokan aiki, gida na farko ya burge ni, na biyu ya yi kama da na farko, a na uku waya nake dannawa. Ke 'yar kasuwa ce, ki je unguwar Château Rouge ki ga yadda ake sayar da atamfa da leshi, mutanen Mali da Senegal da Kwango ne cike, kamar kin shiga Makola. Daga Tours jirgin nan mai gudu, TGV, awa ɗaya da 'yan mintuna yake yi. Za ki ga zanen da bai iso Kumasi ba tukun, ki san abin da za ki yi oda. Sati shida gare ki, ki yi duka biyun ma, amma in ɗaya za ki zaɓa kin ji nawa.

Kuma ƙananan garuruwan nan da wuri suke mutuwa. Ƙarfe bakwai na yamma an rufe kantuna, rana tana sama, titi babu kowa. Mutumin Zongo sai ya ɗauka an yi rasuwa.

Maman Biyu, Madina, ta amsa:

Hajiya barka da samun jika. Ni abinci zan yi miki magana a kai, don na ƙone.

Abin da yankin Tours ya yi suna da shi wani dakakken nama ne da ake shafawa a burodi, rillettes, da ɗan'uwansa rillons. Duka alade ne. A ido kamar kifin gwangwani, kuma wani lokaci sai a ajiye miki shi a tebur tun ba ki yi oda ba. Ni har na ɗauki wuƙa, ƙanwar maigidana ta riƙe mini hannu. Ki haddace kalmomin nan: porc, jambon, lardons. Na ƙarshen shi ne mugun, 'yan ƙananan yanka ne da suke watsawa cikin salak da ƙwai ba su ɗauke shi nama ba. Ki ce ba kya cin nama sam, sannan ki tambaya ko an sa giya a miya, don ƙasar inabi ce, da giya suke girki kamar yadda muke sa daddawa.

Abin da ya fi sauƙi, ku yi guzuri daga gida. A Tours akwai mahauta Larabawa masu naman halal da masallatai, 'yarki ta san su. Ku dafa shinkafa da wake, ku zuba shito a kwalba, ku zauna bakin kogi ku ci, Turawan ma haka suke yi. Wannan zai raba ki da kunyar suruki, ke da 'yarki ku zauna gefe, shi ya ɗauki nasa ya matsa. In kuwa gidan abinci za ku shiga, daga sha biyu zuwa biyu ne, bayan nan an kashe wuta sai bakwai na yamma, ko kuka za ki yi.

In za ki iya, ku je ranar Lahadi da safe. Kasuwa tana ci a bakin kogi, ranar Juma'a ma tana ci amma ta Lahadi ta fi cika. Ki sayi cukun akuya, wani dogo mai toka a jiki da tsinke a tsakiya, Sainte-Maure. Da farko warinsa zai dame ki. Ba a taya kaya fa, abin da aka rubuta shi ne. Na gwada, matar ta dube ni kamar na zage ta.

Kar ki sa kilishi ko wagashi a jaka. Dokar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi za su zubar. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ni ban samu matsala da su ba.

Almajirin Shehu, Sabon Zongo, ya amsa:

Salamu alaikum. Malam Ticha ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka. Amma tunda an kawo tarihin Amir, a cika shi. A 1838 shi ne ya kai yaƙi Ainu Madi, mahaifar Shehu Ahmadu Tijjani, ya yi wata da watanni yana kewaye da garin, lokacin ɗan Shehu, Sidi Muhammadu Sagir, yana ciki. Mu 'yan Tijjaniyya ba mu manta wannan ba. Ban ce kar Hajiya ta yi wa mamata addu'a ba, Musulmi ne, haƙƙinsu ne a kanmu. Na dai ga ana yabo ba a faɗi ɗayan gefen ba.

Game da salla, Hajiya, ki kula alƙibla. A nan Kumasi gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, a can kuwa gabas ne a karkata kudu. Kar ki bi sabo.

Tsohon Ticha, Asawase, ya sake amsawa:

Malam, gaskiyarka, an yi wannan, kuma ban ɓoye shi da gangan ba. Ni ma a gidan Tijjaniyya na tashi, mahaifina bai taɓa fashin wazifa ba. Amir yana son haɗa ƙasar a ƙarƙashin tuta ɗaya don yaƙar Faransa, mutanen Ainu Madi suka ƙi bin sa, abin ya kai ga takobi. Wannan tsakaninsu ne da Allah. Waɗanda ke kwance a lambun nan dai, wasunsu ba a ma haife su ba a 1838.

Hajiya, na manta maganar lokutan salla, kuma a nan kin yi sa'a. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai dab da ƙarfe goma na dare. Azahar tana shiga wajen ƙarfe biyu, la'asar sai bayan shida. In kun fita takwas na safe kun ga fada da kaburbura, kun ci guzuri, kun wuce Chenonceau, za ku dawo Tours azahar ba ta fita ba. In kun makara, ki tafi da alwala da 'yar darduma a jaka, ki samu gefe a bakin kogi. Ni na yi a ƙarƙashin wata bishiya, wata tsohuwa da karenta ta ja shi ta kauce mini, ba wanda ya ce uffan. Wahalar tana wajen isha'i da asuba, sun matso juna ƙwarai, ga kukan jariri a tsakani. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu a wannan lokacin, ki tuna in za ki kira yaran shago.

Shi kuma ɗana na Nima, ban ƙi taka ba. Atamfa dai tana nan a Kejetia.

Hajiyar Aboabo ta rufe:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Ticha, na kira yarinyar jiya da daddare na karanta mata abin da ka rubuta. Shekara huɗu tana Tours, sau biyu ta shiga fadar nan, ba ta san akwai kaburburan Musulmi a ciki ba. Mijin ma shiru ya yi, sannan ya ce zai duba. Mun tsayar da Lahadi ta biyu bayan isata, ita ma za ta zo da jaririn in ya yi ƙwari, Amboise da safe, gidan kishiyoyin nan da rana. Na ce masa Chambord a bar wa masu ƙafa.

Ɗana na Nima, Paris ma zan je, ranar komowa ce, tunda ta can jirgin zai tashi. Ka turo mini sunan unguwar nan yadda zan nuna wa direba.

Maman Biyu, kilishin na riga na saya, na sidi 300, har an naɗe. Yaran gida sun ji labari tun safe suna ta zagaye jakar.